Ƙwayar Adda Ba Goro Ba Ce

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga ɗana Garba,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina roƙon Allah Ya sa kafin ka buɗe takardar nan kun riga kun sauka lafiya, kai da maiɗakinka Asabe da 'yar jaririyar nan da ta hana ni zama wuri ɗaya tun ranar da ta zo duniya. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon ruwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙauyen da aka tura ka.

Na sa takardar cikin aljihun rigarka, na ce kada ka buɗe sai ka sauka, domin akwai maganar da uba ba ya iya faɗa wa ɗansa ido da ido. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da basilla bai gama sabawa da alƙalami ba. Malaminmu na ajin yamma ya ce wasu haruffana kamar ƙugiyar mahauta suke. Amma dai ni na rubuta, ba wanda ya taya ni.

Ni kam Allah Ya gama mini komai, na ga jika. A kasuwa har an gaji da ni, kowa ya zo sayen takalmi sai ya ji labarinta kafin ya ji farashi. Na ma yanka mata nata takalmin na jar fata, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Mahaifiyarka ta yi ta yi mini dariya, wai yarinyar da ko wuyanta ba ta iya riƙewa ba ina ita ina takalmi. Zan dawo kan takalmin nan, ka bar shi a ranka.

Yanzu kai malamin asibiti ne. An ba ka ɗakin magani guda da makullinsa. Ni ko sunan ƙwaya ɗaya ban sani ba. Amma na san abin da ke samun ƙwaya bayan ta bar tagar asibiti ta shiga gidan talaka, kuma ban tsammanin an koya muku wannan a Zariya. Abin da ya tayar mini da maganar shi ne ranar suna. Na ga ka miƙa wa gwaggonka kwalbar maganinta da ka sayo da albashinka na fari, ka ce, "Gwaggo, ɗaya kullum da safe, kin ji ko?" Ta ce, "To." Ka juya wajen baƙi hankalinka kwance. Ni kuwa gabana ya faɗi.

Ka san gwaggon nan taka, yayata Adda Hauwa, wadda ka sa wa 'yarka sunanta. Tun tana 'yar shekara huɗu inna ta shanye mata ƙafar hagu, da sanda da bango take yawo har ta tsufa. Da mahaifiyarmu ta rasu ita ta goye ni, a zaune, tana jijjiga ni tana kaɗi. Da mijinta ya rasu ba ta da ɗa, sai ta dawo gidana da mazarinta, ta ci gaba da kaɗa zare tana sayarwa. Wannan duk ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne sau uku ina kusan kashe ta da hannuna lokacin da kake makaranta, kuma duk cikin ƙauna na yi.

Shekara biyu ke nan da suka wuce ƙafafunta suka kumbura, ciki ya biyo baya, har ta kai ba ta iya kwanciya sai dai a jingine, numfashi sama-sama. Na ari jaki na kai ta asibiti. Likita Bature ya ɗora mata abin sauraron ƙirji, ya danna ƙafarta da yatsa wurin ya lotsa, sannan ya yi rubutu a 'yar takarda. Tafinta ya yi mini bayani da sauri, ga mutane cike a bayana. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne, "Ka riƙe takardar nan da kyau, maganinta ke nan. Ka gane?" Na ce, "To."

Ka tuna sana'ata. Shekara arba'in malamai na rubutu suna naɗewa, ana kawo mini ina rufewa da fata. Da aka ce mini rubutu ne magani, ai ba ni da sauran tambaya. Na dawo gida na naɗe takardar likita, na zaɓi fatar da ta fi kowacce laushi, na ɗinke ta tsaf, na rataya wa Adda a wuya. Har ina cewa a raina, ashe Turawa ma da layu suke aiki, su ke nan suna raina namu.

Kwana tara tana rataye da ita. Kullum da safe in ce, "Adda, yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Ƙafa kuwa sai ƙara cika take. Ran na tara sai ga Rahila, matar Yohanna maƙwabcinmu, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta shigo dubiya bayan ta dawo daga garinsu. Ta ce, "Adda, wane magani likita ya ba ki?" Adda ta nuna wuyanta. Rahila ta dubi layar, ta dube ni, ta ce, "Baba Sale, kawo wuƙa." Na ce, "Haba Rahila, ai ba a buɗe laya." Ta ce, "Baba, wannan ba laya ba ne, aike ne. Likita ya aike ka wurin mai kantin magani, kai kuma ka ɗinke aiken." Ashe maganin ne babu a asibiti a lokacin, sai dai a saya. Adda, duk da numfashin da take ja da ƙyar, sai da ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Amma fa ɗinkin ya yi kyau, Sale."

Satin nan na je na sa sunana a ajin yaƙi da jahilci, na zauna cikin sa'o'in 'ya'yana ina koyon baƙi da wasali.

To ga abin da nake so ka ɗauka. "To" ɗin tsoho ba ya nufin ya gane. Wani lokaci yana nufin na ji muryarka. Wani lokaci yana nufin kai mai ilmi ne, ba zan tsaya ina ja da kai ba. Wani lokaci kuwa yana nufin ina jin kunyar mutanen da ke bayana. Kada ka tambayi tsoho, "Ka gane?" Ba wanda zai ce maka a'a. Ka ce masa, "Baba, in ka isa gida yaya za ka yi da wannan?" Ka yi shiru ka saurara. Kuma kada ka ce masa ƙarfe kaza, ba shi da agogo. Ka ce bayan sallar asuba, ko in an gama tuwon dare. In ba Musulmi ba ne ka ce in zakara ya yi cara. Wannan ba ya ɓacewa.

Aka sayo magani. Kwalba ɗaya ta wata guda, sai na sayar da takalmi huɗu kafin in haɗa kuɗinta. Amma aikinta ya ba ni mamaki. Adda ta sha da safe, kafin azahar ta yi fitsari ya fi sau shida, cikin mako guda idon sawunta ya fito. Har yau abin yana ɗaure mini kai. Ƙwaya 'yar ƙarama, ba ta kai wake ba, ta shiga ta baki, yaya aka yi ta san ruwan yana ƙafa? Wa ya nuna mata hanya? Kuma me ya sa duk farare ne amma kowacce da aikinta? In an koya muku ka rubuto mini, da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa.

Na ɗauka in kwalbar ta ƙare ciwo ya ƙare. Rahila ta ce a'a, wannan maganin ba ya yanka ciwon, ɗaure shi yake a turke, ranar da aka bari ya tsinke. Wato kowane wata takalmi huɗu, har iyakar rai. Na ce, "To."

Damina ta faɗi, kasuwar takalmi ta mutu, kowa kuɗinsa na gona. Sai dabara ta zo mini. Na wasa wuƙar yankan fata, na riƙa raba kowace ƙwaya biyu daidai wa daida, ko gari ba ya zuba. Kwalbar wata ɗaya ta koma ta wata biyu. Na yi ta jin daɗin kaina, ina ganin na fi likita lissafi. Kumburi ya fara dawowa a hankali kamar ɓarawo. Da muka koma asibiti aka tambaye ni, "Tana sha kullum?" Na ce, "Kullum." Ka ga ban yi ƙarya ba, kuma ban faɗi gaskiya ba. Likita ya fara tunanin ko maganin ne ya daina yi mata aiki, har zai rubuta wani da ya fi shi tsada. Nan ne na sunkuyar da kai na faɗi abin da nake yi.

Ka sani, Garba, talaka ya fi ɓoye ramar aljihunsa a kan ciwon jikinsa. Zai buɗe maka gyambo ka gani, amma ba zai ce maka ba shi da sule ba. Saboda haka kada ka tambaya ko ana sha. Ka tambaya kwalbar ta kai kwana nawa, amsar za ta gaya maka sauran. In magani na har abada ne ka faɗa tun ranar fari, mutum ya san zai riƙa tanadinsa kamar haraji. In akwai mai araha da zai yi aikin, kada ka jira a roƙe ka. In kuwa yana cikin ɗakinka kyauta, to tsoho da gurgu da makaho su ne farkon masu haƙƙi, domin su ne ba za su iya kutsawa gaban layi ba.

Na uku shi ne babba, shi ne kuma har yau in na tuna nake jin nauyi.

Kaka ta yi, kasuwa ta buɗe, na koma sayen kwalba cikakkiya, ba rabi ba ragi. Amma kumburin Adda bai sauka ba, har yatsun hannunta suka kumbura, kuma kwalbar wata sai ta ƙare a kwana goma sha biyu. Na zargi ɓera. Na zargi mai kanti da rage ƙirga, har na tsaya a gabansa na sa ya zube su a faranti muka ƙirga tare, talatin cif, na fita da kunya. Allah Ya yafe mini, har mahaifiyarka sai da na yi wa kallon banza.

Wata safiya bayana ya riƙe. Na shiga gaishe da Adda ina dafe da ƙugu. Ta ce, "Me ya same ka?" Na ce baya ne. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙwaya ɗaya, ta ce, "Ungo, sha wannan, tana da kyau." Ni da nake neman ɓarawon ƙwaya, na miƙa hannu biyu na karɓa, na ce, "To, na gode, Adda." Ko a jikina.

Ranar ban ɗinka takalmi ko ɗaya ba. Da na zauna sai in miƙe in zaga bayan rumfa. A karo na biyar Jibo mai gishiri, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya ce, "Sale, rijiya ka shanye ne da asuba?" Na ce, "Bari kawai." Ya ce, "Abin ya zama annoba ke nan. Tsohuwata ma haka ta wuni shekaranjiya, tun da ta dawo daga dubiyar yayarka." Wani mai sayen gishiri ya sa baki, ya ce ai uwar ladanmu ma jiri ya kwashe ta a bakin rijiya makon jiya, saura kaɗan ta faɗa, ita ma daga gidana ta fito. Na ajiye basilla na nufi gida.

Na tarar da tsofaffi uku a ɗakin Adda sun miƙe za su tafi. Tana miƙa wa kowacce ƙwaya ɗaya a ƙunshe cikin 'yar takarda, tana cewa, "Ga wannan, ba yawa, kun sha hanya." Suna karɓa suna sa albarka.

Garba, na ɗaga wa yayata murya. Matar da ta goye ni, a gaban baƙinta. Na ce, "Adda, goro ne? Kin san takalmi nawa nake ɗinkawa kafin in sayo wannan? Kina so ki kashe kanki ki kashe tsofaffin unguwa?" Baƙin suka ajiye ƙunshinsu a bakin tabarma suka fice sum-sum. Adda ta ɗauki kwalbar ta tura mini ita da bakin sandarta.

Kwana uku ba ta sha ba, ba ta kuma amsa gaisuwata ba. Mahaifiyarka ta yi lallashi, Rahila ta yi, Adda ta ce ita ta gode. Ran na uku daga tsakar gida ana jin numfashinta. Na san in aka ƙara kwana biyu a haka, sai dai a nemi likkafani. Na cire hulata, na tsuguna a bakin ƙofarta kamar yaron da ya fasa tulu, na ce, "Adda, na yi laifi. Ki yafe mini, ko ki doke ni da sandar nan."

Can ta ce, tana yi tana hutawa, "Sale, tun ina yarinya ni ake ba. A ɗauke ni, a ajiye ni, a miƙo mini, a ce Allah sarki. Da na iya kaɗi na samu na sayen goro, ba wanda ya taɓa shiga ɗakina ya fita hannu rabbana. Shi ke nan abin da nake da shi a duniya. Yanzu dubi yatsuna, mazari ya gagare ni. Mutum ya tako ƙafarsa ya zo duba ni, in bar shi ya tafi haka? Na duba ɗakin nan kaf, ba abin da ya kai kwalbar nan daraja. Kai da bakinka ka ce takalmi huɗu ce."

Na tashi na koma kasuwa na sayo goro goma, farare da jajaye, na jiƙa tsumma na rufe su a 'yar tasarta, na ajiye kusa da kwalbar. Na ce, "Wannan na baƙi, wannan naki." Ta dubi tasar, ta ɗaga tsumman, ta ce, "Ƙanana ka sayo." Sannan ta ce a miƙo mata ruwa.

Tun daga ranar kowace Juma'a na riƙa cika mata tasa, kwalba kuma tana kai ƙarshen wata. Goron da bai kai kuɗin takalmi ƙafa ɗaya ba shi ya tsare maganin takalmi huɗu. Bayan wata biyu kumburin yatsunta ya sauka, ta koma kan mazari, yanzu ma ita ke sayen goronta, ta ce nawa ba ya da ɗanɗano.

Shi ya sa nake gaya maka, tsoho marar lafiya ba baki kaɗai ne da shi na haɗiyar ƙwaya ba, yana da hannu kuma, hannun nan yana son ya bayar. A ƙauyen da ka je za ka tarar da irin Adda da yawa. Wata za ta raba da jikanta mai zazzaɓi, wani zai ba amininsa, wani ya ajiye rabi saboda wata rana. Ba wauta ba ce. Ka tambayi wa ke gidan, su wa ke zuwa dubiya. Ka faɗa a fili cewa wannan naki ne ke kaɗai, wanda ya tashe ki zai iya kayar da wani. Ka ba su labarin uwar ladan da rijiya, na yafe maka, har nawa na bayan rumfa ka ba su in zai sa su yi dariya su riƙe. Kuma ko me ka kama tsoho yana yi, kada ka kunyata shi a gaban mutane. Ciwo bai kashe Adda ba, amma tsawata ta kusa.

Ana ta murna an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu. Na tambayi malaminmu na aji ko yanzu da ƙasa ta dawo hannunmu kuɗin ƙwayar Adda zai sauka. Ya yi dariya ya ce wannan ba ya cikin littafinsa. Kai da kake kusa da masu abin, ka tambayo mini. Ita Adda cewa ta yi in dai mulki namu ne, a fara da rage wa ƙwayar ɗaci.

Yanzu bari in koma ranar suna. Da ka ba ta kwalbar nan ka tafi, sai na tuna duk goron gidan an kwashe an kai zaure wurin maza, har da na tasarta. Ga gida cike da mata, kowacce sai ta leƙa ɗakin Adda ta yi mata barka da takwara. Ga sabuwar kwalba a hannunta. Na bar liman a zaune na kutsa cikin gida, mata suna ta yi mini tsiya wai kaka ya kasa haƙuri.

Na same ta a zaune, jaririyar a cinyarta, kwalbar a gefe da murfinta a rufe. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Na san abin da ya kawo ka. Zuba ka ƙirga." Na ce, "Haba Adda." Ta ce, "Ƙirga mana, ai ka yi boko." Na ƙirga, talatin. Na ce, "To yau me kika ba baƙin?" Ta ce, "Na ba su takwarata sun ɗauka, ya ishe su." Sai ta kama ƙafafun yarinyar biyu a tafin hannunta, tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Daga yau ko Sarki ya zo ba na ba shi ƙwayata. Ni ban san yadda ake tafiya da ƙafa biyu ba. Ina so in ga Hauwa ta yi."

Takalmin nan na jar fata yana wurinta, ta karɓe ta sa a tasar goro, ta ce ita za ta sa mata da hannunta. Saboda haka ranar da yarinyar nan ta saki bango ta taka, kada ka tsaya rubuto takarda. Ka nemi izini, ku hau mota ku zo. Ni zan ci gaba da ɗinka huɗu-huɗuna, Adda za ta ci gaba da haɗiya, muna jira.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, Rahila da Yohanna suna gaishe ku. Ka gai da Asabe, ka ce ta riƙa rufe mini ƙafafun yarinyar nan da safe. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya sa duk wanda ya karɓi magani daga tagarka ya tashi. Allah Ya tsare ka daga girman kai da gaggawa, Ya kare ku dare da rana, Ya dawo mana da ku lafiya muna da rai. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Sale Baduku.